Bit 16, 24 ko 32: da wanne zan ɗauki sauti a ɗan sutudiyona?

Wani ƙanena daga Tawa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya, ina da ɗan sutudiyo a cikin gida, kwamfuta ɗaya, katin sauti mai ƙofa biyu da mikoro ɗaya. Ina ɗaukar mawaƙan zamani, wani sa'in masu kalangu da gurmi, har da tallan rediyo. Duk sa'ad da na buɗe sabon aiki sai manhaja ta ba ni zaɓi tsakanin 16, 24 da 32. Wani abokina ya ce in sa 32 don ta fi daɗin sauti, amma faifan ajiyata yana cika da sauri, kuma ƙarshenta a waya ake jin waƙar. Wanne ya kamata? Waƙoƙin da na riga na ɗauka da 16 kuma, sun lalace ke nan?"

Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Ka ɗauka da 24. Wajen miksaj, wato haɗa sautukan da ka ɗauka wuri ɗaya, ka bar manhajar ta yi nata lissafin, wanda ko ba ka taɓa komai ba da fulot take yin shi, wata hanyar rubuta lamba da zan bayyana a ƙasa. Ranar da za ka miƙa wa mai waƙa ko gidan rediyo, sannan ka sauko 16, sau ɗaya tak, a ƙarshen komai. Abokinka ya ji wani abu na gaskiya game da 32, amma katin sautin da ke kan teburinka ba ya cikin masu cin wannan moriyar, kuma zan nuna maka dalili.

Aikin katin sauti shi ne auna ƙarfin lantarkin da mikoro ke aiko masa, sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ya rubuta kowane awo da lamba. Zurfin bit shi ne yawan lambobin da yake da su na rubutawa. Bit 8 na ba shi 256, bit 16 na ba shi 65,536, bit 24 kuwa 16,777,216. Awon da ya faɗa tsakanin lamba biyu dole a tura shi ga wadda ta fi kusa. Kamar ciniki ne a kasuwa: in lissafi ya kama sefa 212, ba mai canjin sefa 2, sai a mayar da shi 210, tunda dala ce mafi ƙanƙantar abin da muke ƙirgawa. Wannan ɗan guntun da ake zubarwa a kowane awo, in ya taru, kunne yana jin sa a matsayin huci, shiiii, can ƙasa da waƙar. Duk bit ɗaya da aka ƙara yana raba guntun biyu, hucin ya sauka da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa ake cewa 16 na da faɗin desibel 96 tsakanin rufi da huci, 24 kuma 144 a takarda.

Iyakar aikin zurfin bit ke nan, ya ce ga inda huci zai zauna. Ba ya ƙara nauyin bas, ba ya sa murya zaƙi, ba ya buɗe sautin sama. Sautin sama yana hannun yawan awo a daƙiƙa, kuma 44,100 ta riga ta rufe duk abin da kunnen mutum ke iya ji, tunda ƙa'idar ita ce ana kama sauti har zuwa rabin yawan awon. In kana so ka tabbatar da kunnenka, ɗauki waƙar da ka gama, ka fitar da ita a bit 8 tare da dita (Dither a wurin fitarwa, bayaninsa na tafe), ka saurara. Muryar na nan, kalangun na nan da nauyinsa, sai dai huci ya taso kamar tsohon kaset. Abin da 16 da 24 ke yi shi ne tura wannan hucin ƙasa, ƙasa, har ya ɓace.

To, 96 ɗin nan ba ƙaramin fili ba ne. Daga abu mafi laushi da kunne ke iya tsinta zuwa ƙarar da ke sa shi ciwo wajen desibel 120 ne. Kaset ɗin da muka tashi da shi, mai kyau ma, 50 zuwa 60 yake bayarwa. Rediyon FM da ƙyar yake wuce 70. Faifan CD, wanda Philips na Holan da Sony na Japan suka tsara a 1980, ya shiga kasuwa a 1982, bit 16 ne. Philips ma 14 suka so da farko, Sony suka nace a kan 16. Fiye da shekara 40 ke nan ana sayar da manyan waƙoƙin duniya a haka. Wanda zai ji waƙarka a kan kabu-kabu, ko a tasha da ƴar lasifikar Bluetooth, ba zai ko kusanci ƙasan 16 ba.

Amma halin mai ɗauka daban ne da na mai saurare. Waƙar da ke kan CD an gama ta, an san inda ta fi ƙarfi, an ɗaga ta har bakin rufi, don haka duk bit 16 ɗin suna aiki. Kai kuwa lokacin da ka danna jan maɓalli ba ka san abin da zai zo ba. Ka ce wa mai kalangu ya gwada, sai ya riƙa taɓawa a hankali yana hira da yaransa, ka daidaita gen, wato ƙarfin shigar sauti a katin, a kan wannan. Da waƙa ta yi zafi, aka kira sunan wani ɗan kokowa ko wani mai gida, sai ya matse tsarkiya a hammata ya sauke gula da dukan ƙarfinsa, ƴan amshi su taso gaba ɗaya. A sautin dijital sifili shi ne rufi, lambar ƙarshe ce, babu wata a samanta. Duk abin da ya wuce nan yanke masa kai ake yi, ya fito a fashe, kuma manhajojin da ke cewa suna gyara wannan canka kawai suke yi na abin da aka yanke. Mawaƙin gargajiya kuma ba ya maimaita baiti yadda ya yi shi da farko.

Maganin shi ne ka bar fili a sama. Ka daidaita gen yadda mita za ta riƙa yawo wajen -18, bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 ko -10. Ba ni na ƙirƙiro -18 ba, ita ce ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta ɗauka a matsayin ma'aunin daidaita kayan aiki. Sai dai kowane desibel 6 da ka bari a sama bit ɗaya ne da ba ka yi amfani da shi ba. In kana kan 16 ka bar 12, aikinka ya koma na bit 14, wato desibel 84. In tsoron mai kalangu ya sa ka bar 18, saura bit 13, desibel 78. Daga nan sai miksaj ya zo, ka ɗora kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti, ka ɗaga muryar da 15 ko 20, ka buɗe mata sama, hucin ma ya biyo ta. A kan 24 kuwa, ka bar 18 ɗin nan, saura bit 21, desibel 126. Ka ga amfanin 24 a nan yake: tana ba ka damar rage gen hankali kwance, ba tare da ka yi asarar komai a ƙasa ba.

Akwai wata tsohuwar ɗabi'a da har yanzu ake koya wa yara a wasu sutudiyoyinmu na Yamai, ta tura mita har ta riƙa leƙa ja, wai don sauti ya cika. Ta zamanin kaset da DAT, kaset ɗin dijital, ce, lokacin da kowane desibel ke da tsada. A kan 24 ba ta da wani amfani sai jawo fashewa. In waƙar ta yi maka laushi a kunne yayin ɗauka, ƙara ƙarfin abin sauraronka, ka ƙyale gen.

Kada kuma 144 ta ruɗe ka. Babu katin sautin da ke kai wa nan, domin kayan lantarkin da ke cikinsa suna da nasu hucin da zafi ke haifarwa. Mafi tsada a duniya wajen 120 zuwa 130 suke tsayawa, irin waɗanda muke saye kuma 105 zuwa 115. Bit na ƙasa-ƙasa a fayil ɗin 24 hucin katin kawai suke rubutawa. Hakan ma shi ake so, ma'aunin ya fi abin da ake aunawa laushi. Ka dai duba takardar katinka, don akwai ƙanana masu arha da 16 kaɗai suke fitarwa ko me ka zaɓa a manhaja.

Batun faifan ajiya lissafi ne mai sauƙi. Layi ɗaya, wato ɗaukar murya ɗaya ko kayan kiɗa ɗaya, a kan 48,000 yana cin mega 5.76 a minti in 16 ne, 8.64 in 24 ne, 11.52 in 32 ne. Waƙar minti 5 mai layi 24 za ta ci kusan mega 700 a 16, jiga ɗaya da ɗan kai a 24, kusan jiga ɗaya da mega 400 a 32. Kai da ƙofa biyu gare ka, wato wurin jona mikoro biyu, da wuya ka kai haka. Abin da ya fi cika faifai shi ne gwaje-gwajen da aka yar amma ba a goge ba, da kuma ɗauka a kan 96,000, wadda ke ninka komai biyu, ta wahalar da kwamfuta a banza. Ka zauna kan 48,000, tunda ita bidiyo da talabijin ke aiki da ita, kuma yau kusan kowace waƙa sai an yi mata hoto.

Yanzu 32 ɗin abokinka. Wadda kake gani a manhaja, an rubuta Float a gabanta, wata hanyar rubuta lamba ce dabam, da aka tsayar da ƙa'idarta a 1985 da sunan IEEE 754. Ana raba bit 32 ɗin gida uku: ɗaya na nuna sama ko ƙasa, 23 na riƙe lambar kanta, 8 kuma na faɗin yadda za a ninka ta ko a rage ta. Laushin awonta kusan na 24 ne, amma ma'aunin yana tafiya da sautin, ya girma in sautin ya girma, ya ƙanƙance in ya ƙanƙance. Faɗinta a lissafi ya wuce desibel 1,500, kuma sifili ba rufi ba ne a cikinta. FL Studio, Cubase, Reaper, Pro Tools, Audacity, duk da fulot suke lissafin cikinsu, na 32 ko na 64. Gwada: ɗaga layi ɗaya da ba ka ɗora masa komai ba har mitarsa ta yi jawur, ka je babban layin fita ka rage daidai abin da ka ƙara. Sautin zai dawo tas, ba fashewa. Wannan kyautar tana hannunka tun tuni, ko fayilolinka 16 ne ko 24.

Inda maganar abokinka ta karye shi ne a bakin ƙofa. Katinka lambar 24 yake miƙa wa kwamfuta. In ka ce a ajiye ta a 32, manhaja za ta sake rubuta lambar nan a fili mai faɗi, fayil ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an ƙara ko ƙwayar sauti ba. In kuma bugun kalangu ya fashe a cikin katin, a fashe zai shiga fayil ɗin 32. Ba ta ɓata komai, wurin ajiya kawai take ci. Inda nake amfani da ita shi ne in zan narke layi da fulogin ɗinsa, wato in fitar da shi fayil ɗaya tare da kayan gyaran da na ɗora masa, in mayar da shi cikin aikin, ko in zan ba wani miksaj ya yi mastarin, wato gyaran ƙarshe, domin ko wani wuri ya ɗan haye sifili zai iya saukar da shi lafiya.

Akwai na'urorin da 32 ɗinsu ta gaske ce tun daga ƙofa. Zoom F6 da Sound Devices MixPre II sun fito a 2019, ƙananan irinsu kamar Zoom F3 suka biyo baya. Dabarar ita ce na'urar awo biyu a kowace ƙofa, ɗaya na sauraron laushi, ɗaya na jiran ƙarfi, a haɗa sakamakonsu a fayil ɗaya na fulot. Ga wanda zai shiga filin kokowa, inda kirari ke fitowa daga bakin mutum ɗaya sannan dubban mutane su ɓarke da ihu in an yi kaye, ko hawan salla da kakaki da bindigogi, ko ɗan jarida shi kaɗai da ba ya iya kallon mita yana tambaya, wannan na'ura ta cancanci kuɗinta. Ko ita ma ba ta ceton mikoron da ƙara ta fi ƙarfinsa. A ɗaki mai ƙofa rufe, inda kake da lokacin cewa "ƙara gwadawa", ba ka buƙatarta.

Abu biyu da ke shiga wa yara a nan, in share maka su. Windows ko FL Studio mai bit 64 magana ce ta yadda kwamfuta ke amfani da ƙwaƙwalwarta, ba ruwanta da fayil ɗin sauti. Haka 128 ko 320 da kake gani a MP3 yawan kilobit ne a daƙiƙa, wato nawa aka bari bayan an matse waƙar an zubar da wani sashe. MP3 ba shi da tsayayyen zurfin bit irin na WAV. Kiɗan da mawaƙi ya kawo maka a waya a MP3 ɗin 128, ko ka mayar da shi WAV 24, abin da aka zubar ya tafi.

Ga gwajin da na fi so ka yi kafin komai. Daidaita gen yadda kake yi wa mawaƙi, ka fitar da kowa daga ɗakin, ka ɗauki shirun na daƙiƙa goma fanka na juyawa. Kashe fanka, ka sake. In da janareto kake aiki, ka sake wani bayan kuran ya dawo. Dubi inda mita ta tsaya a kowanne. In ka ga shirun ɗakinka a -50, to tsakaninsa da ƙasan 16 akwai desibel 46, kuma muhawarar 24 da 32 duka a ƙarƙashinsa take gudana, inda ba wanda zai ji. A ɗakunanmu abin da ke cika ƙasan waƙa shi ne fanka, da iskar kwamfuta, da babur ɗin da ya wuce, da injin niƙan maƙwabta, da gurnanin kuran mai bugu 50 a daƙiƙa da ke shigowa ta wayar da ba ta da kyau ko ta cajar kwamfuta. Na san kashe fanka a Tawa cikin watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, abin faɗa ne da sauƙi. Shi ya sa ake ɗaukar murya da dare ko bayan asuba, a kashe minti uku, a kunna, a sha ruwa, a sake. Matso da mawaƙi kusa da mikoro, daga taki biyu zuwa taki ɗaya, yana ƙara muryarsa a kan hayaniyar ɗaki da kusan desibel 6, daidai ribar bit guda, kuma wannan ribar kunne na jin ta. Bargo mai kauri a bango da canza wayar lantarki ɗaya sun fi duk wani zaɓi a cikin manhaja tasiri.

Saura saukowa 16. In aka datse bit 8 na ƙasa haka kawai, guntun da ake zubarwa yakan riƙa bin waƙar, ya daina zama huci mai santsi, ya koma ƙaiƙayi, musamman inda sauti ke mutuwa a hankali, kamar wutsiyar amsa-kuwwa ko tsarkiyar gurmi ta ƙarshe. Maganinsa abin mamaki ne: a zuba ɗan huci da gangan, ƙarami ƙwarai, kafin a datse. Shi ne dita, a wurin fitarwa za ka ga an rubuta Dither. Wasu malamai biyu na jami'ar Waterloo a Kanada, Stanley Lipshitz da John Vanderkooy, su suka yi fice wajen bayyana lissafinsa a shekarun 1980, suka nuna cewa da shi ana iya jin sautin da bai ko kai bit ɗaya ba. Hucin da yake bari yana ƙasa da -90. In an ba ka zaɓi, wanda aka rubuta TPDF ko Triangular ya ishe ka. Sau ɗaya ake sa shi, bayan komai, bayan limita mai hana sauti haye rufi. Duba da kyau, don wasu limitoci suna da nasu a ciki, in ka kunna shi ka kashe na wurin fitarwa. A waƙar zamani mai ƙarfi daga farko har ƙarshe da wuya wani ya gane ko ka sa. A muryar mutum ɗaya da gurmi, ko karatu, ko waƙe, ana iya ganewa. Tunda kyauta ne, sa shi kullum.

Gidan rediyo ka ba su WAV 16, sai in sun nemi wani abu. Mai haɗa bidiyo ka ba shi 24 a kan 48,000. MP3 na waya da WhatsApp ka fitar da shi kai tsaye daga aikin, ba sai ka bi ta 16 ba, ka kuma tsayar da limita a -1, saboda matsewar MP3 takan ɗan ɗaga kawunan sauti su haye sifili. In za ka turo layuka Yamai ko Kano a yi maka miksaj, kada ka sauke su 16 don tsimin mega. Mayar da su FLAC, wanda ke riƙe 24 ɗin yadda take ba ya zubar da komai, yakan rage nauyi da kusan rabi, ka tura su a matsayin Document a WhatsApp domin su isa yadda ka aiko su. Kowace waƙa kuma ka ajiye gamammiyarta ta 24 a faifai na biyu.

Tunda kana Adar, wata rana wani zai kawo maka kaset ɗin mahaifinsa, na makaɗin fada ko na wa'azi, ya ce a juye. A lissafi 16 ta fi ƙarfin kaset nesa, amma ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ce a juye aƙalla da 24 a kan 48,000, domin za a zo ana wanke huci ana ɗagawa, kuma wani kaset ɗin sau ɗaya zai yarda ya juya kafin ya tsinke. Bi nasu.

Waƙoƙinka na 16 ba su lalace ba. In ba su fashe ba, kuma ba ka ɗauke su can ƙasa sosai ba, da wuya wani ya bambanta su da na 24. Kada ka ɓata dare kana mayar da su 24 ɗaya bayan ɗaya, sifili takwas kawai za a liƙa wa kowace lamba. Jawo su cikin aikin yadda suke, manhaja za ta yi lissafinsu da fulot tare da sababbin layukan da za ka ƙara. Waɗanda suka fashe ne kaɗai za ka kira mawaƙin ya dawo, kuma wannan karon ka rage gen kafin ya buɗe baki.